Shin zaman jarirai da masu tatata a inuwar bishiya ilimi ne, ko wasa ne kawai?

Mai gidan reno, Samaru:
Assalamu alaikum. Ina kula da wani ƙaramin gidan reno inda mata ma'aikata da ɗalibai ke ajiye 'ya'yansu daga safe zuwa azahar, kuma yaran da ke hannuna sun kama daga masu wata shida zuwa masu shekara uku. A harabar gidan akwai mangwaro da darbejiya da fili mai yashi, amma yaran sukan wuni a ɗaki a kan leda, domin iyaye sun fi son su ɗauki yaro rigarsa fes, yana rera A B C. Ni kuwa na lura duk ranar da na shimfiɗa musu tabarma a inuwa, kuka yana raguwa, barcin rana yana zuwa da sauƙi. Shin wannan abu ne da zan iya kare shi a gaban iyaye? Kuma yaya zan yi da rana da ƙura da sauro?

Malamin tarbiyyar ƙananan yara, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika gani da idonki yana da tushe. Bajamushen nan Friedrich Froebel, wanda ya buɗe makarantarsa ta ƙananan yara a 1837, ya kan ware wa kowane yaro ɗan fili ya yi shuka da hannunsa, kuma tun shekarun 1950 ƙasar Denmark take da makarantun reno da yara ke wuni a cikin kurmi, sanyi ko ruwa. Dalilin a bayyane yake: yaron da bai kai shekara uku ba da hannu da ƙafa da baki yake koyo. Idan mai rarrafe ya sauka daga tabarma ya taka yashi, ya damƙi busasshen ganye ya ji yana ƙara, ya ɗaga kai yana bin kurciya da ido, to ƙarfin gaɓoɓinsa da hankalinsa da harshensa duk suna ginuwa a lokaci guda, muddin akwai babba a kusa da ke ce masa: wannan ganye ne, wannan tururuwa ce, taɓa ka ji sanyi.

Abin da za ki nuna wa iyaye shi ne shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019. Ta ce jaririn da bai fara rarrafe ba ya samu aƙalla minti 30 a rana yana rub-da-ciki idonsa biyu, ɗan shekara ɗaya zuwa biyu ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki, kuma kada a riƙe yaro wuri guda fiye da awa ɗaya a jere, ko a kujera ne ko a goye. A ganina ɗaki ɗaya cike da yara ba zai iya cika wannan ba.

Ma'aikaciyar jinya, Sabon Gari:
'Yar'uwa, ina goyon bayanki, amma ki fara da zagaya harabar ki tumɓuke abin da zai cutar. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu guba ne ga yaro, haka ma zaƙami, ruwan tumfafiya kuma yana illata ido. Ki ɗaga duwatsu da tarin itace saboda kunama, kuma kada a bar bokiti ko baho da ruwa a buɗe, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka mai rarrafe.

Lokaci ma abin lura ne. A watannin Maris da Afrilu ki fitar da su da sanyin safiya, ki mayar da su ɗaki kafin rana ta take. Da hunturu ki jira hantsi, ki shafa musu man kaɗanya, ranar da hazo ya yi kauri kuwa mai tari ko asma ya zauna ciki. Da damina a shigo da su kafin magariba saboda sauro, kuma ki tuna wa iyaye su karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa yara daga wata 3 zuwa wata 59 a wannan lokaci. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kuma a hana awaki da kaji shiga inda yara ke zama.

Hajiya, cikin birni:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Mu a tsakar gida muka yi renon namu, a ƙarƙashin tsamiya, yaro yana wasan ƙasa da ƙoƙo da ludayi, yana bin 'yan tsaki, yayyensa suna masa tatata. Da rimi ya fashe, audugarsa tana yawo a iska, yara har faɗuwa suke yi wajen kamo ta. Yanzu an shafe tsakar gida da siminti, an miƙa wa jinjiri waya don ya yi shiru, abin yana damuna ƙwarai. Ki ce wa iyayen su riƙa sako tsohuwar riga a jaka, ita za a sa wa yaro idan za a fita, a canza masa kafin a zo ɗaukarsa.

Mai gidan reno, Samaru:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Akwai bini-da-zugu a jikin katangarmu ta baya, gobe in sha Allahu za a cire shi. Zan kira iyaye ranar Asabar in karanta musu shawarar hukumar, in kuma roƙe su rigar wasa kamar yadda Hajiya ta ce. Malam, idan akwai yadda ake rubuta wa iyaye abin da yaro ya koya a waje kowane mako, ina roƙon ka nuna mini tsarinsa.