Tambaya kan maganin barci da abincin mai ciwon suga da ke yin jiri idan ya miƙe

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sani game da mahaifina, wanda ke da shekara 67, kuma ya kai shekara 15 yana fama da ciwon suga. Tun bayan ƙaramar salla yake yin jiri duk lokacin da ya miƙe tsaye, musamman da asuba da kuma bayan ya ci tuwo, har ta kai ranar nan ya ɗago daga sujada a masallacin unguwa ganinsa ya dushe, sai da na kusa da shi ya tallafe shi. Likita ya auna jininsa yana kwance, ya sake aunawa bayan ya miƙe, ya ce sugan ya taɓa jijiyoyin da ke tafiyar da bugun zuciya da hawa da saukar jini ba tare da mutum ya sa su ba. Abin da ya fi damunmu yanzu shi ne barci, domin yakan tashi fitsari sau huɗu ko biyar a dare, in ya koma shimfiɗa kuma barcin ya ƙi zuwa. Wani maƙwabcinmu ya kawo masa Piriton, ya ce in bai yi ba a nemo Valium a kemis. In ya sha yana samun barci, amma a ganina jirin safe ƙaruwa ya yi. Akwai maganin barcin da ya dace da mai wannan larura, kuma me ya kamata mu canja a abincinsa?

Ma'aikaciyar Jinya, Katsina:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da ka lura da shi gaskiya ne. Idan mutum ya miƙe, jini kimanin rabin lita ko fiye yakan gangara ƙafafu da ciki, sai waɗannan jijiyoyi su matse hanyoyin jini nan take don kada ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. Ga Baba wannan matsewar ce ta yi rauni, kuma idan lambar sama ta awon jini ta faɗi da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti 3 da miƙewa, likitoci na ɗaukar hakan a matsayin larura. Piriton maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, barcin da yake sawa illa ce ta gefe, kuma ga dattijo yana busar da baki, yana rage tafiyar hanji, yana iya riƙe fitsari. Valium ya fi shi haɗari, domin mutumin da zai tashi cikin duhu sau biyar, jininsa na faɗuwa, ga magagin magani a kansa, faɗuwa a bakin banɗaki ce ke jiransa. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: wannan larura tana dushe alamun faɗuwar suga, wato gumi da rawar jiki, saboda haka wanda aka ɗora wa barci mai nauyi zai iya samun faɗuwar suga da dare bai farka ba.

Ni da za ku ji tawa, ku fara da gadon. Idan mai wannan ciwo ya kwanta shimfiɗe, jininsa yakan hau, ƙoda ta ga kamar ruwa ya yi yawa ta yi ta zubar da shi, shi ya sa fitsarin dare ke yawa, gari kuma ya waye jikin a bushe. Ku sa bulo ko katako a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, ya ɗagu da santimita 10 zuwa 20. Tara matasai ba ya wadatarwa, domin jikin gaba ɗaya ake so ya karkata, ba wuya kaɗai ba. A ajiye masa fo da tocila kusa da gado, kuma in ya farka ya zauna minti ɗaya ko biyu yana motsa ƙafafu kafin ya miƙe. A kuma duba sugan da mafitsara, tunda suga mai yawa da kumburin ƙwayar da ke ƙasan mafitsarar maza duk suna kawo fitsarin dare.

Uwargida daga Daura:
Ni ba malamar asibiti ba ce, amma shekara huɗu ke nan ina zaune da 'yar'uwar wannan larura, wadda bugun zuciyata kan ƙaru da fiye da 30 a minti idan na miƙe, ko da jinin bai faɗi ba. Abin da ya fi taimaka mini shi ne rage girman malmala. Idan na cika ciki da tuwon shinkafa, jini yakan tafi wajen narkar da abinci, in kasa ko ɗaukar buta, saboda haka na raba cin abincina gida biyar ko shida, kaɗan-kaɗan, na dare kuma ina gamawa da shi tun bayan magariba. Da asuba kafin in sauko daga gado nakan shanye ruwan leda ɗaya a tashi guda, wanda kimanin rabin lita ne, in jira kamar minti goma, kuma bambancin a bayyane yake. Yawancin ruwana da rana nake sha, musamman a zafin Afrilu da Mayu, in sassauta da yamma. Na bar goro da shayi bayan la'asar, na kuma rage zoɓo tunda aka ce mini yana saukar da jini. Sai gishiri, wanda likitana ya ce in ƙara, kuma ina ganin ku ma ku gwada wa Baba.

Mai Haɗa Magunguna, Rafin Daɗi:
Hajiya, duk abin da kika faɗa na yarda da shi ban da maganar gishiri, kuma ina roƙon mai tambaya kada ya ɗauke ta kai tsaye. Ke an umarce ki ne bayan an duba ki, amma dattijon da ya shekara 15 da suga yana iya kasancewa da raunin ƙoda ko na zuciya, ga shi jinin irinsu yakan hau idan sun kwanta, saboda haka ƙarin gishiri ko dunƙule sai da izinin likitan da ya ga sakamakon gwajinsa. Haka nan idan yana ƙoshi da loma kaɗan, ko cikinsa na kumburi, ko yana aman abincin da ya ci tun ɗazu, to jijiyoyin tumbi ma sun taɓu, sai a rage maiƙo da abinci mai tauri, a koma ga mai laushi. Fura da koko suna saurin wucewa, sai dai suna ɗaga suga, don haka a auna bayan an sha.

Game da maganin barci, ɗan'uwa, ka tattara duk magungunan Baba a leda ka kai wa likitansa, har da waɗanda ba shi ya rubuta ba. Sau da yawa muna ganin amitriptyline da aka bayar don zafin tafin ƙafa, ko maganin mafitsara, ko ƙwayar fitar da ruwa ta hawan jini, su ne ke ƙara jirin, kuma wani lokaci sauya sa'ar shan su kaɗai kan rage tashin dare. Melatonin, wanda shi ma ake sha don barci, ya fi Piriton da Valium sauƙi a jiki, amma shi ma yana iya ɗan taɓa jini, don haka a tambaya kafin a saya. Idan maganin suga na metformin yake sha tun da daɗewa, a nemi gwajin sinadarin B12, domin ƙarancinsa ma yana lalata jijiyoyi. Wanda kuwa ya riga ya saba da Valium na makonni, ba a yanke masa shi rana ɗaya, a hankali ake janyewa.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Valium ɗin dama ba mu kai ga saye ba, Piriton kuma na karɓe tun jiya. Baba a katifa yake kwana a ƙasa, saboda haka na yi magana da kafinta ya haɗa mana katako mai gangara da za a ɗora ta a kai. Na duba ledar maganinsa na tarar da amitriptyline a ciki, kuma ranar Talata muke da ganin likita. Hajiya, shi ruwan asuba da kike sha, mai sanyi ne ko na randa ma ya isa?