Na maƙale a babi na 14: barde zai kashe surukinsa ko a'a?

Ummu Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan ina rubuta wani labari a waya, na zo babi na 14 na tsaya cak. A Ingila na ɗora shi, wajen shekarar 1200. An kashe wa yaro uba, an ƙwace musu gida da gonaki, ya tashi a hannun wani ubangida yana goge sulke yana kiwon dawaki. Ya dawo ɗaukar fansa, sai ga shi ya kamu da son 'yar wanda ya yi kisan. Abu biyu suka dame ni. Mayaƙin nan na kan doki, me zan kira shi? Na sa "jarumi", masu karatu suka ɗauka na fim ne. Sannan ina so ya sare kan uban yarinyar a ƙarshe, ita kuma ta aure shi. Ƙawata ta ce ba macen da za ta yarda da wannan.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Barde za ki ce, jam'i barade. Kuma a 1200 sulken zobba suke sawa da kwalkwali, irin wanda ake gani a hawan Daushe a Kano. Rigar ƙarfen nan da ke rufe jiki ruf sai wajen 1400 ta zo, kada ki sa masa ita.

Batun kisa kuwa, ki lura da kalmar da kika yi amfani da ita. Fansa iri biyu ce, akwai wadda ake ɗauka, akwai wadda ake biya. Baraden wancan zamani sun fi son ta biyun: a kama mai dukiya da rai, danginsa su kawo kuɗi. Arziki kuma ta hanyar aure yake zuwa. William Marshal, wani barden Ingila, bai gaji ko taƙi daga ubansa ba, da gasar karawar barade a kan doki da kama abokan karawa ya yi suna, har a 1189 Sarki Richard ya ba shi auren Isabel de Clare, magajiyar ƙasa mai faɗi a Wales da Ireland. Ya haura arba'in, ita ba ta kai ashirin ba. Idan yaronki ya auri yarinyar, gonakin ubansa sun dawo, tsohon yana raye yana kallo.

'Yar Damagaram:
Malam, a yi haƙuri, mu masu karatu jini muke jira. Kuma ai an yi. A 1386 a Faris, Jean de Carrouges ya kara da Jacques Le Gris a gaban sarki, saboda matarsa Marguerite ta ce Le Gris ya keta mata haddi. Da mijin ya faɗi, ƙona ta za a yi. Mijin ne ya yi nasara. Anti Ummu, ki sa su kara a gaban alƙalai, kada ya je masa da dare kamar ɓarawo.

Ummu Sadiq:
Na gode Malam, barde ya zauna. Ƙanwata, karawar zan sa, amma takobi na kan wuyan tsohon yarinyar za ta shigo fili. Abin da za ta ce masa shi ne ban samo ba tukuna, kuma gobe Juma'a na yi alkawarin sakin babin.