Ina so in mayar da sitona ɗakin wanki, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana. Shawara nake nema wurin masu sani da waɗanda suka riga ni yi.

A Kano muke, gidan namu ne, kuma ba bene ba ne. Bayan kicin akwai wani ɗan sito mai faɗin mita 2, tsawo mita 2 da rabi, da ƙaramar taga ɗaya, ƙofarsa tana kallon tsakar gida. Ba abin da ke ciki sai tarkace. Wanki kuwa a tsakar gida muke yi da inji mai baho biyu: a jawo shi daga baranda, a zuro masa doguwar waya ta taga, a ɗura masa ruwa da bokiti. Yarana huɗu, ƙaramar ba a yaye ta ba, don haka kusan kullum tsakar gidan a jiƙe take, har gansakuka ta kama gindin bango.

Maigida ya yarda a gyara siton. Na tara hotuna daga Instagram, irin masu farin kabad da dutse a sama da inji mai ƙofa a gaba, raina ya biya ƙwarai. To shin in sayar da tsohon injin in sayi irin wancan? Wane tayil ya dace? Kabad na katako ko na alminiyam? Ruwanmu na burtsatse ne, muna da tanki a kan ƙarfe. Wuta kuwa yau akwai gobe babu, sai 'yar sola da ke ɗaukar fitilu da fanka da firji. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Mai aikin famfo daga Zariya:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ɗan ajiye hotunan nan tukuna, za a zo kansu. Tambayar da za ki fara yi wa magini ita ce: ruwan da ya shiga ɗakin nan ta ina zai fita? Sito ba don ruwa aka gina shi ba. Daɓensa a shimfiɗe yake ɗoɗar, galibi ma tsayinsa ɗaya da na kicin, duk ranar da tiyo ya zame sai dai ki tsinci ruwan kumfa a ƙarƙashin buhun shinkafa.

Don haka a fasa daɓen, a saukar da shi kamar santimita 2 zuwa 3 ƙasa da bakin ƙofa, a yi masa gangare wajen santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa rariya guda a kusurwa. Rariyar ta zama mai riƙe ɗan ruwa a wuyanta, ruwan nan shi ke hana wari da kyankyaso dawowa ta bututu. Bututun fitar da ruwa a sa inci 2, domin ruwan wanki yana tafe da zare da yashi, ƙarami ba ya jimawa yake toshewa. Kafin a manna tayil ko ɗaya, ki sa a kwara bokitin ruwa a gabanki ki ga inda ya nufa. Idan ya kwanta a tsakiya, a sake. Bayan an manna tayil gyaran nan sai da guduma.

Sai kuma waje. Kada ki bari a haɗa miki ruwan wanki da ramin masai don a rage kuɗin bututu. Omo da haifo suna kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazantar ramin, yawan ruwan kuma ya cika shi da wuri, ki koma kiran motar kwasa. A haƙa masa nasa sokawe daban, nesa da tushen gini, nesa sosai da rijiya ko bakin burtsatse. Idan kuma kwata za ki sake shi, ki tabbata kwatar tana gudu, don rigimar maƙwabta a kan ruwan wanki ba baƙuwa ba ce wurin masu unguwanni.

Sannan ki auna min tsayin ƙarfen tankinki.

Maman 'yan biyu:

'Yar uwa kar ki kuskura ki sayar da mai baho biyun nan. Shi ne daidai da wutarmu. Wat 300 zuwa 500 yake ci, ƙaramin janareta ma yana ja. An ɗauke wuta ana tsakiyar wanki? Ki ɗaga murfi ki kwashe kayanki ki ƙarasa da hannu. Mai ƙofa a gaba kuwa kulle kansa yake yi, ga ruwa a ciki, ga yunifom ɗin yara a ciki, ke kina waje kina leƙe ta gilashi. Kuma ruwan kumfa ɗaya sai ki wanke fararen kaya, ki bi da masu launi, ki ƙare da tsummokaran goge-goge. In ya lalace, duk mai gyaran fanka a unguwa zai taɓa shi.

Wata ma'aikaciyar asibiti:

Maman 'yan biyu, kin faɗi alherinsa kin ɓoye wahalarsa. Mai baho biyu ai tsayuwa yake so a kansa: ɗura, zubar, cira daga nan a tsoma can, sake ɗurawa. Wadda take fita aiki da safe ba ta da wannan lokacin. Ni mai ƙofa a gaba nake amfani da shi, in zuba kaya in tafi sabgata. Ruwan da yake sha a wanki guda bai fi lita 50 zuwa 60 ba, wato jarka biyu zuwa uku, alhali manyan masu murfi a sama suna haura lita 100. Yawancin na yanzu in wuta ta dawo suna ɗorawa daga inda suka tsaya, kuma akwai ɗan tiyo a ƙasa ta gaba da ake tsiyaye ruwan in ta kama dole. Abin da ke zuƙe wuta a cikinsa shi ne dafa ruwa, nan ne yake kaiwa wat 2,000. Ki saita shi a ruwan sanyi, magana ta ƙare.

Sai dai ranar da aka kawo shi a tabbatar an kwance manyan kusoshin nan na bayansa da ake ɗaure gangar da su saboda hanya. In ba a cire ba, yana fara matsa zai kama tsalle har ya bar wurinsa.

Mai tambaya:

Malam mai famfo, na sa an auna. Daga ƙasa zuwa gindin tankin mita 3 ne.

Mai aikin famfo daga Zariya:

To kin gani. Ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake zuwa, girman tankin ba ya ƙara komai. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da bar 1, wato ma'aunin da ake auna ƙarfin ruwa da shi. Yawancin injina masu ɗiban ruwa da kansu suna neman aƙalla rabin bar, wato wajen mita 5 daga ruwan tanki zuwa bakin injin. Naki idan aka cire tsayin injin, mita 2 da ɗoriya ya rage. Zai daɗe yana tsotso, wani ma ya gaji ya tsaya yana ƙara. Mafita biyu ce: a ɗaga tankin, ko a sa ƙaramin injin tura ruwa a kan layin ɗakin kaɗai, wanda ya fi sauƙi. Ki kuma sa matata kafin injin saboda yashin burtsatse, akwai 'yar raga a bakin tiyon da ke toshewa nan da nan.

Wani abin kuma, kowane inji da irin mafitarsa. Mai baho biyu ba shi da famfon tura ruwa, tiyonsa sai ya kwanta ƙasa, saboda haka a yi masa dakali mai tsayin santimita 10 zuwa 15, wanda zai kuma tsare gindinsa daga tsatsa. Mai ƙofa a gaba shi tsayayyen bututu yake so, santimita 60 zuwa 90 daga ƙasa. Ni da ke ce, tunda an riga an fasa, zan sa a yi duka biyun yanzu, da famfo biyu a bango. Kuɗin bututun ba wani abu ba ne a Kasuwar Ƙofar Ruwa idan aka gwada da sake fasa tayil nan gaba.

Injiniyan lantarki:

Hajiya, doguwar wayar nan da kike zurowa ta taga zuwa jiƙaƙƙiyar tsakar gida ita ta fi tayar min da hankali a duk bayaninki, ga ƙananan yara. A jawo wa ɗakin layinsa daga allon wuta da waya mai kaurin 2.5, soket mai amfiya 13, a ɗaga shi kamar santimita 120 daga ƙasa, kuma kada ya zauna ƙarƙashin famfo. A tabbatar wayar ƙasa, wato earth mai kare mutum daga jan wuta, tana aiki da gaske, don gidaje da yawa rami na uku na soket ado ne kawai. Idan kina jin inji yana ɗan cizonki in kin taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, alamar ke nan. A ƙara da bireka mai yanke wuta da zarar ta fara zurarewa, mai lamba 30mA.

In kin sayi mai kwamfuta a kai, ki haɗa da sitabilaiza. Wutarmu a takarda bolt 230 ce, amma kowa ya san yadda take faɗuwa da dare, kuma allon injin shi ne mafi tsada a gyara. Solarki kuwa ki bar ta da firjinta sai wanda ya haɗa ta ya duba ƙarfin inbatar. Dutsen guga kaɗai yana cin wat 1,000 zuwa 2,000. Injin busar da kaya kuma, in kin gan shi a hotunan, ki wuce shi. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato Band A masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kan yunit ɗaya a lokacin, wanda ke Kano ya biya kuɗi a busar masa da kaya ai ya raina ranar da Allah ya hore masa.

Baban yara:

Ni dai na shigo ne in yi wa maigidan nan jaje. Ya ɗauka fenti da kanta biyu ne. Allah ya buɗa masa.

Hajiya daga Katsina:

'Yata, duk sun yi miki maganar inji, ba wanda ya tuna cewa rabin kayanmu ba sa shiga inji. Wa zai jefa shaddar maigida mai aiki a wuya cikin ganga? Ko leshi mai duwatsu, ko hula? Shadda da hannu ake lallaɓa ta, a sa mata sitaci, a kai wa mabuga. Sabuwar atamfa kuma sai an wanke ta ita kaɗai an ga ko tana zuba. Saboda haka ki sa a gina miki kwamin wanki na siminti a manne masa tayil, mai zurfi, tsayinsa ya kai ƙugunki, santimita 85 zuwa 90, da famfonsa a kai. Mu da muka yi shekaru muna duƙe a kan baho, bayanmu ne ke ba da labari yanzu. Ko 'yar aiki ce ke miki wankin, ita ma baya gare ta.

Kuma kina da mai goyo. Kayan da fitsari ko kashin yaro ya taɓa, a kwamin nan za ki fara zuba musu ruwa mai gudu su tsarkaka kafin su haɗu da sauran, musamman kayan sallah. Ki ware musu bokitinsu mai murfi.

Shanya fa, kin yi tunaninta? Ɗakin da bai kai mita 3 ba ba zai ɗauki zannuwan gado ba, in kika cika shi da jiƙaƙƙun kaya sai wari da fumfuna. Ki sa a yi 'yar rumfar kwano a bakin ƙofar da igiyoyi uku ko huɗu. Za ta cece ki a watan Agusta, ta rage miki ƙurar hunturu a kan fararen kaya, kuma atamfa ta fi son inuwa, a juya ta bai-bai, rana ba ta cinye launinta.

Mai sana'ar kayan ɗaki:

Anti, yanzu da aka gama tsorata ki, bari mu zo kan kyau, don shi ma haƙƙinki ne. Tayil na ƙasa ki ɗauki mai kaushi marar sheƙi, launin toka ko ruwan ƙasa. Mai sheƙi da ruwan omo santsi ne tsagwaronsa, fari kuma a Kano shara za ki yi ta yi. Farin da sheƙin ki kai su bango, a manna har tsayin mita 1 da rabi, ko har sama a bangon da famfo yake. Layi ɗaya na tayil mai zane a saman kwamin ya isa ado.

Kabad kam alminiyam. Katakon nan na garin itace da ake matsewa, da zarar ya sha danshi sai ya kumbura ya fara barewa, ga gara. A rataye shi a bango, a bar ƙasa fili don wanke ɗaki. Ɗaya ya zama mai makulli saboda haifo da sauran magunguna, kuma kada a taɓa haɗa haifo da ruwan wanke masai, hayaƙinsu guba ne. Mai ƙofa a gaba faɗinsa santimita 60 ne, tsayi 85, don haka ki bar masa gurbin santimita 65 zuwa 70, a shimfiɗa dutse a kai a tsayin 90, ya zama wurin ninki da guga. Tagar a faɗaɗa ta a sa raga, a ƙara farar fitila mai haske. Kwanduna kuma ki shiga Ƙofar Wambai ki zaɓo na roba guda uku launi ɗaya, na farare, na masu launi, na yara. Irin na kaba da kike gani a hoto suna da kyau, amma danshi baƙi yake mayar da su.

Mai tambaya:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun zauna da maigida mun karanta tare, ya ce a gaida Baban yara. Mun tsayar cewa za a fara da daɓe, rariya, sokawe da wuta, a gina kwamin Hajiya da rumfar shanya. Tsohon injin zai hau dakalinsa, a bar gurbi da tsayayyen bututu saboda sabon in hali ya yi. Abu ɗaya ya rage min: ƙofar siton ciki take buɗewa, kuma ta katako ce. In bar ta?

Mai sana'ar kayan ɗaki:

A'a Anti, a canza ta. Mai buɗewa ciki za ta cinye miki kusan mita guda a ɗakin da dama ba shi da faɗi. A sa ta alminiyam mai buɗewa waje, mai 'yan tsagogin shan iska a ƙasa, da sakata a sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Ki kuma auna faɗinta kada ya gaza santimita 75, don mai baho biyu ya fi mai ƙofa a gaba faɗi, a samu a shigar da shi ba sai an karkata ba.