Wace kalma za mu sa a madadin "laif"?

Ɗan Tudun Wada, Gusau: Salamu alaikum jama'a. Ni aka ɗora wa rubuta sanarwar wasan Sallah na ƙungiyar matasan unguwarmu. Mun ƙulla da mawaƙin cewa da bakinsa zai rera, tare da makaɗansa da 'yan amshinsa, ba filash za a jona yana motsa leɓe ba. Ina so duk wanda ya karanta takardar ya gane haka. Kowa a garin nan "laif" yake cewa, ni kuma hannuna ya ƙi rubuta ta. Malaman Hausa da masu kunnen waƙa, a taimaka.

Bakabe Mai Shayi: Wa alaikumus salam. Ai an daɗe da gama wannan. Kai tsaye.

Malama daga Ƙaura: Ba a gama ba, Malam. Kai tsaye ta gidan rediyo da talabijin ce, tana nufin abin da ake yi yanzu shi ake watsowa yanzu. Mawaƙi zai iya hawa dandamali yana mamin, wato an kunna waƙa yana motsa leɓe kawai, gidan talabijin ya nuno shi a daidai lokacin, kuma ba su yi ƙarya ba in sun ce kai tsaye ne. Ka ga ta faɗi yadda abin ya iso gare ka, ba ta faɗi ko daga maƙogwaron mutum yake fitowa ba.

Bakabe Mai Shayi: To a ce waƙar baka mana.

Malama daga Ƙaura: Wannan tana da mai ita. A makaranta waƙar baka kishiyar rubutacciyar waƙa ce, ko a faifai ka ji ta sunanta ke nan.

Ɗan Sitidiyo, Birnin Kebbi: Ni da nake cin abinci da na'urar bari in faɗa muku abin da kuke nema wa kishiya. A ɗakin ɗauka ba a rera waƙa daga farko zuwa ƙarshe. Layi-layi ake yi. Mawaƙi ya maimaita layi ɗaya har sai an samu wanda ya fi, a yanka a liƙa da na gaba. Inda muryarsa ta kauce, Auto-Tune ta janyo ta ta zaunar. Tun 1997 wannan manhaja take duniya, ba sabon abu ba ne. Numfashin da ya ja a tsakanin layuka mu goge. Amshi kuma sau da yawa shi ɗin ne dai, mu ninka muryarsa ta zama kamar ta mutum huɗu. Ba aibu ba ne, sana'a ce, kuma akwai gwaninta a ciki. Amma abin da ya fito an dafa shi. Saboda haka ni ɗanyar murya nake ba da shawara.

Malama daga Ƙaura: Ta yi ma'ana a bakinka, amma ka tuna yadda Bahaushe yake jin ɗanye. Ɗanyen aiki, ɗanyen kai, ɗanyen hukunci. Ka buga "ɗanyar murya" a ƙarƙashin hoton mawaƙi, wallahi sai ya ce zagi ne.

Ɗan Tudun Wada, Gusau: Tsurar murya fa? Ko waƙar nan take?

Baba na Maradun: Ɗiyana ku saurara. Tsurar murya ita ta wadda babu kiɗi, ku ko kun ce da makaɗa za ya zo. Nan take kuma kun kai ta inda ba nata ba. Mamman Shata, Allah shi jiƙan shi, shi aka sani da ƙaga waƙa nan take. Amma makaɗan fada na ƙasarmu ba haka suka aiki ba. Gida suka zama su ƙulla waƙa, a aza mata gindi, wato layin da aka ta maimaitawa, a shirya ɗiyanta, wato baitocinta, 'yan amshi su riƙe har ta zauna musu ga baki, kana a kai ta ƙohwar sarki. Musa Ɗanƙwairo da kanai amshi yaf fara yi, bayan mahaifinai da wanai Kurna, kahin shi zama jagora. Kun ga shiri akwai shi, ba kaɗan ba.

To mi ab bambanci? Waƙar da anka shirya gida, in an zo gaban jama'a ba ta hita yadda anka shirya ta. Jagora na kallon mutane. In ya hangi wani babba ya shigo, sai shi jehwa sunan uban shi cikin ɗan waƙa, 'yan amshi su cahe su yi ƙari, kotso shi sauya hannu. In ya ga ɗan waƙa ya kama mutane sai shi maimaita shi, shi ja shi, shi hana gindi dawowa har sai kowa ya matsu. In ya ga bai kama ba shi wuce. Sanƙira na gehe shina zuba kirari, mata na guɗa daga cikin gida. Na ga wanga da idona ga makaɗan kotso tun kahin Ɗanƙwairo shi rasu cikin 1991, kuma duk wanda yat tarad da Sa'idu Faru ya san abin da nika hwaɗi. Waƙa guda, wuri biyu, ba ta zama iri guda. Na'urarku ba ta ganin wanda yash shigo.

Mu can da ba mu da kalma ga wanga abu don ba mu san wani iri ba. Cewa mukai makaɗi ya shiga hwage.

Malama daga Ƙaura: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Ina jin kun ba mu ita ba tare da kun nufa ba. Waƙar fage.

Bakabe Mai Shayi: Malama, mai mamin ma ai a fage yake tsayawa.

Malama daga Ƙaura: A dandamali yake tsayawa. Duba inda muke amfani da fage: fagen dambe, fagen kokawa, fagen fama. Duk wuraren da ake iya kayar da mutum ne a gaban jama'a. Ɗan kokawar da ya shiga fage a bikin kamun kifi na Argungu bai san ko zai fita a kafaɗar mutane ko da ƙasa a bayansa ba. Haka mawaƙin da ya riƙe makirfo da muryarsa: tana iya shaƙewa, yana iya manta baiti, yana iya shiga kafin kiɗa. Mai mamin kuwa babu abin da zai kayar da shi sai ɗaukewar wuta.

Kuma a ganina wannan yiwuwar faɗuwar ce take sa waƙa ta ratsa mutum. Kana jin numfashin da Ɗan Sitidiyo ya ce suna gogewa. Kana jin inda murya ta kusa karyewa ta farfaɗo. Sai ka samu kanka kana taya shi ɗauka, ba sauraro kawai kake ba. Mu mata mun san wannan a kiɗan ƙwarya na cikin gida: mai amada tana iya zama muryarta ta dushe tun tsakar dare, amma ta ambaci uwar amarya da wahalar da ta sha, sai ka ga manyan mata suna share ido da gefen mayafi. Ba zaƙin murya ya yi wannan aikin ba.

Ɗan Sitidiyo, Birnin Kebbi: Na yarda da rabi. Akwai wanda yake kuka da waƙar da na haɗa da hannuna, shi kaɗai a ɗaki da abin kunne. Kada mu mayar da duk wani shauƙi na fage.

Baba na Maradun: Gaskiya ta, ɗana. Amma shauƙi daban, tsuma daban. Tambayi 'yan tauri abin da ka samun su in makaɗi irin Kassu Zurmi ya kira taken mutum gaban tsaranai. Wanga ba ya samuwa ga mutum shi ɗai cikin ɗaki.

'Yar Yawuri: Ni ina da tambaya kafin a rufe. Me ya hana ido da ido? Ta fi sauƙin ganewa ga yara irinmu. Fage sai an yi bayani.

Malama daga Ƙaura: Ƙanwata, ido da ido tana da tsawo, kuma ba ta haihuwa. Gwada ki ce "mawaƙin ido da ido" ki ji. Sannan makafi masu waƙar bara a kasuwa fa, da matan da ke ji ta bayan katanga? Fage kuwa dubi abin da take bayarwa: waƙar fage, mawaƙin fage, wane ya iya fage, wance ba ta da fage sai sitidiyo. Tsofaffin kaset ɗin da ake jin hayaniyar mutane da muryar sanƙira a ciki, a ce ɗaukar fage. Har abin nan da ake rasa yadda za a faɗa, na mawaƙin da yana fitowa wuri ya zama nasa, "ya iya fage" ta ɗauke shi.

'Yar Yawuri: To wanda ya zauna a ɗakinsa ya kunna TikTok yana rerawa da bakinsa, mutane suna kallo suna rubuto masa?

Ɗan Sitidiyo, Birnin Kebbi: In yana karanta abin da suke rubutawa yana saka sunayensu a waƙar, ni dai na ba shi fage.

Bakabe Mai Shayi: Ni ban ba shi ba. Wannan kai tsaye ce tawa da kuka ƙi. Fagen da ba a liƙi a goshi ba fage ba ne.

Malama daga Ƙaura: A bar wannan a buɗe, bakin mutane zai raba gardamar. Ta sanarwa dai ta samu.

Ɗan Tudun Wada, Gusau: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga abin da zan kai wa mai buga takarda: "Waƙar fage ce, da makaɗa da 'yan amshi, babu mamin." Saura abu ɗaya, Baba: fage zan rubuta ko hwage?

Baba na Maradun: Rubuta yadda Malama ta koya muku makaranta. Kuma ka gaya ma mawaƙin naku shi zo da wuri shi gwada lasihikar, kada a tara mutane a tsaya gyaran waya.