"Ba a mugun sarki sai mugun bafade": a ina wannan maganar take aiki?

Telan Wunti:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Na gama kallon wasan kwaikwayon nan mai dogon zango na gidan Borgia, wanda aka nuna daga 2011 zuwa 2013, a wajen masu tura fim aka sa mini shi a waya. Labarin Rodrigo Borgia ne, mutumin Sifaniya da ya zama Fafaroma a Roma a 1492, ya ɗauki sunan Alexander na shida. Dokar cocinsu ta hana shi aure, amma ga 'ya'ya a fili, har ya naɗa ɗansa Cesare kadinal, wato ɗaya daga manyan cocin da ke zaɓen Fafaroma, yana ɗan shekara 18. Ina ba Kawuna labarin a shago, ya zo awon riga, sai ya girgiza kai ya ce, "Ba a mugun sarki sai mugun bafade." Ban yi masa musu ba. Amma zuciyata ba ta yarda ba. Mutum ya aikata abu da hannunsa, a ɗora wa na kusa da shi?

Baffan Kobi:
Wa alaikumus salam ɗana. Kawunka bai wanke kowa ba. Sarki ba ya cin kasuwa, ba ya kwana a ƙauye. Fadawa ne idonsa, su ne kunnensa, abin da suka kai masa shi ya sani. In sun ce gari lafiya, to lafiya ce ko da ana kuka a ƙofar fada. Sannan maganar ladabi ce. Talakan da aka zalunta ba zai tsaya gaban sarki ya kira shi azzalumi ba. Sai ya ce, ranka ya daɗe, an ɓoye maka gaskiya. Ya kai kukansa ke nan, ya kuma bar wa sarki ƙofar da zai gyara ba tare da ya ji kunya ba. Iyayenmu da ita suka riƙa ƙwato haƙƙinsu kansu na bisa wuyansu.

Malamar Tarihi, Fadaman Mada:
Baffa, Allah ya ƙara girma. Na yarda da bayaninka a kan yadda ake amfani da ita, amma a wannan labarin ba ta zauna ba, domin shi Rodrigo ɗin kansa bafade ne. Kawunsa, Fafaroma Callixtus na uku, shi ya naɗa shi kadinal a 1456 yana da shekara 25. Shekara ta zagayo ya ba shi babban ofishin fadar da takardu da naɗe-naɗe ke bi ta cikinsa. Shekara 35 yana kan wannan kujera, ya yi aiki da Fafaroma biyar, a nan ya tara dukiyarsa. Kuma ba a jahilci halinsa ba: tun 1460 Fafaroma Pius na biyu ya rubuta masa wasiƙar tsawatarwa kan wata sharholiya da ya halarta a garin Siena. Duk da haka kadinal 23 suka shiga ɗakin zaɓe a watan Agusta na 1492, suka fito da shi. Ascanio Sforza, wanda ya jawo masa ƙuri'u, shi aka ba ofishin da Rodrigo ya bari.

To ka gani Baffa, karin maganar ta raba sarki da bafade kamar ba jinsi ɗaya ba ne, alhali bafaden jiya ne ya hau gado. Ni da za a tambaye ni, wadda ta dace ita ce: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da babu mai sayar da ƙuri'a, da bai saya ba.

Telan Wunti:
Malama, wallahi ban san ya yi zaman fada haka ba. A wasan dai kusan daga zaɓen aka fara.

Ɗan Yelwa:
Ni Kirista ne, ɗan ɗarikar Katolika, kuma na kalli wasan har ƙarshe duk da ya yi mini ciwo. Wani abokin aikina ya riƙa yi mini gori da shi. Na ce masa wannan tarihi ba a ɓoye yake ba, kuma waɗanda suka fara tsayawa suka ce ba daidai ba ne 'yan cocin ne. Akwai wani mai wa'azi a birnin Florence, Savonarola, wanda bai tsaya kan fadawa ba, shi Fafaroman ya nufa kai tsaye. Aka kore shi daga coci a 1497, aka rataye shi aka ƙone gawarsa a watan Mayu na 1498. Shekara 19 bayan haka Martin Luther ya taso a Jamus yana adawa da sayar da takardun yafe horon zunubi.

Amma Malama, ban gamsu da daddawarki ba. Daddawa ba ta da hannu, ba ta da baki, warinta halittarta ce. Shi ya sa nake tsoron wannan karin magana, don sau da yawa wanda aka cuta ake jifa da ita. Waɗancan kadinal ba daddawa ba ne, ɓeraye ne 'yan uwansa. Daddawar ita ce tsohuwar da ta kawo baikonta, wato sadakarta, coci da zuciya ɗaya. Ni abin da na ga ya dace da mutumin shi ne Musa a baki, Fir'auna a zuci.

Malamar Tarihi, Fadaman Mada:
Ɗan'uwa ka yi gaskiya a kan daddawa, na janye. Amma Musa a baki sai mai ɓoyewa, shi kuwa bai ɓoye ba. A cikin fadar Vatican aka yi bikin 'yarsa Lucrezia a 1493. Mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi, jama'a na kallo.

Ita Lucrezia ɗin ce ma ta fi ba ni tausayi. Tana da shekara 13 uban ya aurar da ita ga Giovanni Sforza don neman ƙawance. Da ƙawancen ya daina amfani, ya raba auren a 1497. Miji na biyu kashe shi aka yi a 1500. Yawancin labaran guba da ake jingina mata daga bakin maƙiyan gidansu suka fito, masu shirya wasa kuma sun fi son abin da zai riƙe mai kallo.

Maman Biyu:
Na farko dai, don Allah kada a bar wa yara wannan wasa a waya, akwai wuraren da ba su dace ba ko ga babba. Na biyu, ni wannan karin magana ta taɓa cuta ta. Na koyar a wata makarantar kuɗi, aka riƙe mana albashin wata huɗu. Mai makarantar shi ke jan mu salla, shi ke yi mana nasiha kan amana. Kowa cewa yake ai shi mutumin kirki ne, akawunsa ne mugu. Muka yi ta tsine wa akawu. Ranar da na je neman ko rabi ne saboda ɗana na kwance asibiti, akawun ya juyo mini da takarda, ga sa hannun mai gidan a kan umarnin a dakatar da biyanmu. Bawan Allah nan wata huɗu yana shan zagi a madadin wani. Tun ranar ban sake furta ta ba.

Almajirin Jahun:
Allah ya saka miki, Maman Biyu. Mu a Bauchi bai kamata wannan ya rikita mu ba, tunda Malam Yakubu da ya kafa garin nan almajirin Shehu Usmanu ne. Da Shehu ya tashi lissafa zaluncin zamaninsa, irin su harajin da ya wuce kima da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara, sarakunan ya ambata. Malaman da ke halatta musu kuma ya kira su miyagun malamai, kowa da nasa kason. A Magami, da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta, Shehu bai karɓa ba. Abu biyar ya roƙa a madadinta, ciki har da a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Kuma kada mu ɗauka cutar ta wasu ce can. Ƙanin Shehu, Malam Abdullahi, wajen 1807, barin rundunar jihadi ya yi ya nufi gabas saboda ya ga son mulki da dukiya ya fara shiga zukatan mutanensu, sai mutanen Kano suka tsayar da shi.

Baffan Kobi:
Maman Biyu, 'yata, labarinki ya taɓa ni, kuma ban da abin cewa a kansa. Inda mai gida ya sa hannu, babu bafade. Amma ina nan kan cewa tana da ranarta. Maganar mai neman gyara ce, a gaban mai iko, a lokacin da gyaran zai yiwu. Kuskuren shi ne a faɗe ta a bayan idonsa don a rufe bakin wanda aka cuta.

Telan Wunti:
Na gode ƙwarai. Ranar Juma'a Kawu zai zo karɓar rigarsa. Zan ba shi labarin shekara 35 ɗin nan da labarin akawun, in ji ta bakinsa, sai in dawo muku da abin da ya ce.