Musayar Waƙa: Tsibiran Fasifik da Kwanakin Kamun Tuna

Dattijon Yawuri:
Assalamu alaikum. Zancenmu na wannan mako a kan ƙasashen tsibirai takwas ne na tekun Fasifik, waɗanda suka haɗa kai a kan kifin tuna tun daga Yarjejeniyar Nauru ta 1982. Na buɗe da amsa-amon "na", kuma mai amsawa yana da damar riƙe shi ko ya sauya.

Da sunan Allah nake buɗe wannan zance,
Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kewaye ta da tekuna.

Akwai Nauru da Palau da Tubalu da Kiribas,
Da Marshal da Solomon, shida ke nan na nuna.

Sai Maikuronesiya da Papuwa Niyu Gini,
Daga baya Tokelau ta zo cikinsu ta zauna.

Dokar teku ta ba kowacce mil 200 daga gaɓarta,
Amma babu isassun jiragen sintirin korar masu ɓarna.

Jiragen Japan da Koriya da Taiwan da Amurka
Suna zuba taru a ruwansu dare da rana.

A da baƙo yakan sami kowane tsibiri shi kaɗai,
Ya taya lasisi da arha, ya cika jirgi da tuna.

Wanda ya ƙi sallamawa, a ce masa maƙwabcinka
Ya riga ya sallama, sai ka zauna ka yi ta magana.

A 1984 Solomon ta kama jirgin Amurka
Yana su ba izini, sunansa Jeanette Diana.

Amurka ta rufe kasuwarta ga kifin Solomon,
Don a ganinta kifi mai yawo ba mai ikon ya hana.

To ku masu sani, ina tambayarku da girmamawa,
Haɗin kan nan ya biya su, ko kuwa ya tsaya a suna?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma. Zan amsa da alƙaluma, domin su ne suka fi raba gardama a irin wannan batu.

Ya biya su, Baba, amma ba a rana ɗaya ba,
Sai a ƙarshen 2007 suka fara aiki da sabon tsari.

Suka ce wa mai jirgi, kwana za mu sayar maka,
Kowane kwanan su yana da kuɗinsa a ruwan tsibiri.

Jimillar kwanakin shekara a zaune ake yanke ta,
A raba wa ƙasashe bayan masana sun yi nazari.

Ƙasar da kwanakinta suka ƙare kafin shekara ta fita
Sai ta saya wajen 'yar'uwarta, ba ta da ikon ƙari.

Na'ura a kowane jirgi tana shaida wa tauraron ɗan'adam
Inda yake, shi ya sa kwanan sata ba ya zama sirri.

Mafi ƙarancin kuɗin kwana ga baƙo dala 5,000 ne a 2012,
A 2015 aka mai da shi 8,000, aka tsaya a kan ƙuduri.

Abin da suke samu a 2010 wajen dala miliyan 60 ne,
Cikin shekara goma ya doshi miliyan 500, ka ji tasiri.

Ofishinsu yana Majuro ta Marshal, Transform Aqorau na Solomon
Shi ne ya fara riƙe shi, ya kafa masa tushe tun fari.

Ɗiyar Masunta:
Malam, ban ja da lissafinka ba, sai dai kuɗin da ka lissafa kuɗin hayar ruwa ne, kuma mai bayar da haya ba shi ne ke cin babbar ribar sana'a ba.

Malam, na ji alƙalumanka, na kuwa gamsu da su,
Amma akwai inda ka tsallake a cikin bayani.

Kifin da aka kama, a tashar Majuro ake juye shi
Cikin jirgin sanyi, ya bar tsibiri kowa yana gani.

Mai yawa daga cikinsa Bankok ta Tailan yake nufa,
Can ake dafa shi, a fere shi, a rufe a gwangwani.

Albashin masu feɗewa da ribar mai sayarwa
Suna zama a can, a aljihun wani kamfani.

Noro ta Solomon da Lae da Madang ta Papuwa
Suna da masana'antu, wannan kam na sani.

Amma Tubalu da Nauru, ina filin, ina ruwan daɗin
Da injin sarrafa kifi ke sha damina da rani?

Kiribas fiye da rabin kuɗin gwamnatinta daga lasisin kamun kifi yake fitowa,
Shekarar da kifi ya ƙaura, ina za ta sami magani?

Dattijon Yawuri:
'Yata, kin yi magana mai nauyi. Sai dai kada ciniki ya ɗauke mana hankali daga kifin kansa, domin in ya ƙare babu kwanan da wani zai saya.

Masu taru sukan saki rumfuna masu shawagi a teku,
Kifi ya taru a inuwarsu, su zo su kewaye kafin fitowar rana.

Ba manya kaɗai ke shiga ba, har 'ya'yan tuna mai babban ido,
Wanda bai kai ga haihuwa ba, ka ga nan aka yi ɓarna.

Tsibiran suka hana su a kan rumfa wata uku a shekara,
Daga Yuli zuwa Satumba, a bar ƙananan su kwana.

Haka Sarkin Ruwa ke rufe gurbi a ƙasar Kabi,
Ba mai jefa homa sai ranar da shi ya nuna.

Tun 2010 kowane jirgin taru yana ɗauke da mai sa ido,
Yana rubuta abin da aka kama, wannan aiki ne na amana.

Daga 2024 aka rage hanin zuwa wata ɗaya da rabi,
An ce kifin yana da lafiya, ni kam ragin bai kwanta mini ba a raina.

Ɗalibin Ilimin Teku:
Iyayena da yayata, ina neman izini in ƙara abu ɗaya da yarjejeniyar ƙasashe takwas ba za ta iya ɗaurewa ita kaɗai ba.

Tuna yana bin iyakar ruwan ɗumi inda abincinsa yake,
Shekarar El Nino, da ruwan ɗumi ke bazuwa gabas, can yake dosa, masunta suna biyowa.

Masana sun yi hasashen cewa ɗumamar duniya
Za ta tura shi gabas, ƙaurar da ba lalle ta zo da dawowa.

Wani sashe zai faɗa tekun da ba na kowa ba ne,
Inda tsibiri ba shi da kwanan da zai ce yana sayarwa.

Can hukumar kifin yankin da ke zaune a Pohnpei ta Maikuronesiya ce ke da magana,
Manyan ƙasashe masu jirage suna cikinta suna tattaunawa.

A 2021 shugabannin Fasifik suka shelanta wa duniya
Cewa iyakar ruwansu tana nan ko da teku ya ci gaɓa yana hauhawa.

Ɗiyar Masunta:
Ƙanena ya kai mu tekun da ba na kowa ba, kuma a can ne masu mamari suka fi yawa, alhali har yanzu ba wanda ya ambace su a wannan musaya.

Mun yi ta zancen taru, mun bar jiragen mamari,
Masu ƙugiya dubbai a igiya guda, ku yi tunani.

Su ke farautar manyan da ake ci ɗanye a Japan,
Su juye kaya a tsakiyar teku, nesa da idon mai gani.

Dokar hukumar ta wajabta musu mai sa ido kashi 5 cikin 100 kacal,
Malam, lissafo mana sauran 95, muna jiran bayani.