Gwamnoni su koma sa hannu a kan hukuncin kisa ne, ko a bar shi haka?

Abban_Khadija:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana su taimaka min da bayani, abin nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Kowa a nan ya san maganar Hanifa, yarinya 'yar shekara 5 da mai makarantarsu Abdulmalik Tanko ya sace a ƙarshen 2021 ya kashe ta ya binne, kuma har da karɓar kuɗin fansa a hannun iyayenta. Babbar kotun jihar Kano ta yanke masa hukuncin rataya a watan Yulin 2022, Ganduje da bakinsa ya ce in takarda ta zo gabansa zai sa hannu, ya sauka a 2023, mu dai har yau ba mu ji an ce an zartar ba. Haka ɗan Chana ɗin nan da ya kashe Ummita, shi ma 2024 aka yanke masa. To ni tambayata, tunda dokar tana nan ba a soke ta ba, me ya hana a riƙa aiwatarwa? An ce rabon da a rataye wani a Najeriya tun Disambar 2016 a jihar Edo, kuma mutum sama da 3,000 ne ke zaune a gidajen yari da hukuncin kisa a kansu. Ni ra'ayina a dawo da shi kawai, ina da 'ya mace sa'ar Hanifa, wlh duk ranar da na kai ta makaranta sai abin ya faɗo min a rai. Amma ina so in ji ta bakin waɗanda suka fi ni sani.

Dan_Tsafe:
Wa alaikumus salam. Malam ai ba sai an tambaya ba, a dawo da shi jiya ma ba yau ba. Mu da muke Zamfara mu muka san abin da muke gani. Ƙanin mahaifina aka ɗauke a gona, muka sayar da shanu muka sayar da babur muka ci bashi muka kai kuɗi, suka karɓa suka ce a ƙaro katin waya da man fetur, aka ƙara, daga ƙarshe ko gawarsa ba mu samu ba, salatul ga'ib aka yi masa. Yanzu irin wannan mutumin in an kama shi sai a ce a kai shi gidan yari gwamnati ta riƙa ciyar da shi da kuɗinmu? Kuma ma wane gidan yarin, ba a gabanmu aka fasa Kuje a Yulin 2022 ɗaruruwa suka tsere ba? Matawalle ya sa hannu a doka a 2022 cewa ɗan bindiga da mai garkuwa da infoma duk kisa ne, Masari ma ya yi irin ta a Katsina tun 2019, to a nuna min mutum ɗaya da aka kashe da wannan dokar. Takarda ce kawai. Shi ya sa ba sa tsoro, su kuwa in suka kama naka ba sa jiran ɗaukaka ƙara. Lokacin soja a fili ake ɗaure ɗan fashi a jikin durom a harbe kowa na kallo, ni haka nake so a koma.

Barista_Hauwa:
Dan_Tsafe Allah ya jiƙan baffanka ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. Ba zan ce maka kar ka ji abin da kake ji ba. Amma bari in fara amsa wa Abban Khadija tambayarsa ta ɓangaren doka tukunna.

Hukuncin kisa halas ne a tsarin mulkin 1999, sashe na 33 ya yarda da shi, Kotun Ƙoli ma ta tabbatar tun 1998 a shari'ar Onuoha Kalu. Abin da mutane ba su gane ba shi ne gwamna ba shi da ikon sa hannu matuƙar akwai ƙara a gaban kotu. Daga babbar kotu sai kotun ɗaukaka ƙara sai Kotun Ƙoli, kuma a ƙasar nan wannan tafiyar tana iya cin shekara goma ko fiye, don haka alƙawarin da ɗan siyasa zai yi ranar da jama'a ke cikin fushi cewa zai sa hannu nan take, ya san ba a hannunsa abin yake ba. Bayan an gama duka ma akwai kwamitin afuwa da zai ba gwamna shawara a ƙarƙashin sashe na 212. Sannan dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ce wanda ya ƙare ɗaukaka ƙararsa aka shekara 10 ba a zartar ba, babban jojin jiha na iya mayar masa da shi ɗaurin rai da rai. Aregbesola yana ministan cikin gida a 2021 ya fito ya roƙi gwamnoni su sa hannu don a rage cunkoso, ba wanda ya kula shi. Tun dawowar dimokuraɗiyya waɗanda aka sani sun sa hannu kaɗan ne, Shekarau a Kano wajen 2006, Oshiomhole a Edo a 2012 (aka zartar a 2013), sai Obaseki shi ma a Edo a 2016.

Ra'ayina kuma, ni ba na goyon bayan a buɗe wannan ƙofar yanzu, kuma ba don ina tausayin Tanko ba, wlh ba na tausayinsa ko kaɗan. Matsalar ita ce in aka ce a fara, ba Tanko kaɗai za a rataye ba. Ku je ku karanta labarin Segun Olowookere a jihar Osun, an kama shi a 2010 yana ɗan shekara 17 a kan satar kaji da ƙwai, saboda an ce da makami aka yi sai ya zama fashi da makami, kuma dokar fashi ba ta ba alƙali zaɓi ba, kisa ne kawai. A 2014 aka yanke masa, sai Disambar 2024 Gwamna Adeleke ya yi masa afuwa bayan mutane sun yi ta surutu a intanet. Da gwamnan Osun mai saurin sa hannu ne da tuni an binne yaron nan a kan kaza. Kafin shi akwai Nasiru Bello da aka kashe a jihar Oyo a 1981 alhali ƙararsa na gaban kotu ba a saurara ba, Kotun Ƙoli ta ce kisan ya saɓa doka a 1986, to me ya amfana masa?

Ni da idona na ga yadda ake kawo takardar amsa laifi a kotu, mutum bai iya karatu ba bai iya Turanci ba, an rubuta shafi uku an dangwala masa yatsa a ƙasa, ya ɗaga riga yana nuna wa alƙali tabon duka a bayansa, lauyan da aka ba shi kyauta a ranar ya fara ganinsa. Ba gwajin jini ba hoton yatsa ba komai, takardar nan ce kaɗai hujja. Irin waɗannan su ne suka cika sashen masu jiran kisa, ba su Turji ba. Su manyan ai ko kama su ba a yi, wasu ma zaman sulhu ake yi da su.

Maganar harbi a fili kuma, an yi shi fa. An harbe ɗan fashi Oyenusi a Bar Beach a Legas a 1971 dubban mutane na kallo, fashi bai tsaya ba, shekara 16 bayan nan aka harbe wani ɗan fashin, Anini, a birnin Benin a 1987. Kuma wannan hannun dai na soja shi ya harbe mutum uku a 1985 kan ƙwaya da dokar da aka yi bayan sun riga sun aikata laifin, shi ya rataye ɗan fafutukar Ogoni Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a 1995. Kwamitin da Obasanjo ya kafa kan hukuncin kisa ma, shawarar da ya bayar a 2004 ita ce a dakata har sai an gyara 'yan sanda da kotuna. Har yau ba a gyara ba.

Tsohon_Gandiroba:
Ni ban yi karatun doka ba amma na yi aiki a gidan yari har na yi ritaya kuma na daɗe a ɓangaren da muke ce wa kwandam, wato na masu jiran kisa. 'Yata Barista ta faɗi gaskiya a wani wajen, a wani wajen kuma ban bi ta ba. Akwai waɗanda in ka zauna da su ka san ba su yi ba, ko kuma ɗan aike ne aka kama ogan ya biya ya fita. Akwai kuma wanda zai kalli idonka ya ce maka ya kashe kuma in ya fita zai ƙara, ɗaya har a ciki ya kusa hallaka abokin ɗakinsa da cokalin da ya wasa a siminti, tunda ya san ba abin da za a ƙara masa, hukuncin ƙarshe aka riga aka ba shi. Mu ma'aikata mu ke kwana da wannan haɗarin ba gwamna ba.

Amma abin da ya fi damuna zaman jiran. Ɗaki na mutum biyu ka zuba shida ko bakwai, bokiti ɗaya a lungu. In da asuba suka ji ƙarar makulli ba a lokacin da aka saba ba sai ɗakin ya yi tsit, wani ya fara kalmar shahada wani ya saki fitsari a wando, alhali ƙila mai shara ne kawai muka buɗe wa. Na san wani dattijo da ya shiga da baƙin gashi, har na bar aiki yana nan ya yi furfura ido ya mutu, 'yan uwansa sun daina zuwa sun ɗauka ma an daɗe da kashe shi. Wannan ba rahama ba ce. Gwamnonin nan ba tausayi ne ya hana su ba, tsoro ne, kowa ba ya so a ce jini na hannunsa sai ya tura wa na bayansa. In za a zartar a zartar wa wanda aka tabbatar, in ba za a yi ba a mayar musu da shi rai da rai su san matsayinsu a kai su wajen koyon sana'a kamar kowa.

Malam_Sani_Zariya:
Allah ya saka wa Baba da alheri. Ina so in ƙara abu ɗaya don kar a ɗauka addini ya bar abin a buɗe. Ƙisasi yana cikin Alƙur'ani a Suratul Baƙara, Allah ya ce a cikinsa akwai rayuwa, musulmi ba zai fito ya ce a soke shi gaba ɗaya ba, a nan na rabu da masu kiran a shafe hukuncin. Amma a shari'a haƙƙin na waliyyan mamaci ne, su za su zaɓa ko a kashe ko su karɓi diyya ko su yafe, kuma ayar da ta zo da ƙisasin ita ta buɗe ƙofar afuwa. A babbar kotu kuwa ba a tambayar uban Hanifa me yake so, gwamna ne zai sa hannu ko ya yafe, ya yafe jinin da ba nasa ba. Kun ga hayaniyar da aka yi a 2025 da sunan Maryam Sanda ya fito a jerin afuwar shugaban ƙasa, ai dalilin ke nan, dangin Bilyaminu, mijinta da aka same ta da laifin kashewa, wasu sun ce ba da yawunsu ba. Sannan mafi yawan malamai suna kan cewa iƙirarin da aka samu da duka ba hujja ba ne, kuma ana kawar da haddi da shubuha. Don haka wanda ya ce a rataye duka 3,000 ɗin nan da sunan addini, addinin bai ba shi wannan ba. Tun da aka dawo da shari'a a jihohinmu wanda na sani an kashe ta hanyarta shi ne Sani Yakubu Rodi da kotun Katsina ta yanke wa, aka rataye shi a Kaduna a Janairun 2002.

Hadiza_Maradi:
Sannunku 'yan uwa, mu nan Nijar kusan haka abin yake, dokar na nan alƙalai na yankewa amma tun 1976 zamanin Kunce ba a sake kashe kowa ba. Cadi sun soke a 2020, Gana ma a 2023 sun cire shi daga laifukan yau da kullum, Kwango ta Kinshasa kuma a 2024 suka ce sun dawo da aiwatarwa. Ni dai abin da na gani a iyakarmu wajen Madarunfa, 'yan bindigan ba hukuncin kotu suke lissafi ba don ba su taɓa tunanin za a kama su ba.

Dan_Tsafe:
Barista na ji ki kuma maganar yaron kajin ta taɓa ni gsky, ban san da ita ba. Amma ki sani in hukuma ta ƙi yi jama'a za su yi da hannunsu, kuma suna yi, a ƙauyukanmu in 'yan sa-kai suka kama wanda ake zargi da infoma ba a kai shi ofishin 'yan sanda saboda an san jibi zai dawo. A nan ne marasa laifi suka fi mutuwa ba a igiyar gwamnati ba. Mafarauta 16 da aka ƙone a Uromi a Maris 2025 wace kotu ta saurare su? Ni ban ce a kashe mai satar kaza ba. Na ce wanda aka kama da kuɗin fansa a hannu da gawa a rami a gama da shi cikin shekara ɗaya kowa ya gani.

Abban_Khadija:
Na gode ƙwarai, Baba Gandiroba maganarka ta tsaya min a rai. Har yanzu dai ina kan bakana a kan irin su Tanko, inda ga gawa an tono ga wanda ya nuna wajen da kansa, ban ga shubuhar da ta rage ba. Barista tambaya ɗaya, shin jiha za ta iya gyara dokarta ita kaɗai ta ware irin wannan daga irin na yaron Osun, ko sai an je Abuja?

Barista_Hauwa:
Za ta iya a ɓangaren kisan kai da garkuwa da mutane, majalisar jiha ce ke da wannan, tana iya ba alƙali zaɓi maimakon kisa dole, tana iya cewa ba za a yanke kisa da takardar amsa laifi kaɗai ba sai da bidiyon yadda aka ɗauki bayanin da lauya a zaune. Amma saurin da Dan_Tsafe ke so na shekara ɗaya ba a hannun jiha yake ba, kotun ɗaukaka ƙara da Kotun Ƙoli na tarayya ne, sai an taɓa tsarin mulki an sa musu wa'adi kamar yadda aka sa wa shari'ar zaɓe kwana 180 a kotun farko da kwana 60 a ɗaukaka ƙara. Sun yi wa kujerunsu, ku tambayi ɗan majalisarku me ya hana a yi wa shari'ar jini.